Wuƙar Inna Cima

A Galmi ƙasa ce ke fara maganar.
Tun kafin albasa ta yi kai, tun lawashi na tsaye,
saiwa ke tsotson farar wuta daga laka,
kaɗan-kaɗan, kamar mai zubin adashi,
ba ta faɗa wa kowa inda take ajiya.

Mushe Arzika ne ya tona mata asiri,
wata Talata a lakwal, ana zafin bazara,
ya ɗora guda ɗaya bisa tebur, ja mai sheƙi.
Ya ce cikin naman nan ɗakuna ne jere,
ƙanana, ido bai isa ya gan su ba,
kowane ɗaki da maƙwabta biyu, danga a tsakani.
Muddin danga na tsaye, gari lafiya.
Wuƙa ce mai rushe ta.
Da sun gauraya sai tururi ya tashi,
ba launi, ba ƙara,
ya hau ya ciji jijiyar ido,
ido ya kai ƙara ga ƙwaƙwalwa,
ƙwaƙwalwa ta ce a saki ruwa.
Don tsutsa da ɓera ta tanadi makamin,
mu dai tsautsayi ya bi da mu ta hanyar.
"Wannan ba kuka ba ne," in ji shi, "wanki ne."
Muka yi dariya, muna share hanci da hannun riga.

Inna Cima ba ta taɓa zama bisa benci ba.
Amma kullum da asuba ina jin ta,
ƙyas, ƙyas, tana wasa wuƙa ga dutse.
Albasar da za ta yanka
gindin randa take kwana, cikin jiƙaƙƙen rairayi.
In ta zauna, sai ta duba inda iska ta nufa tukuna.
Buhu guda takan yanka na shanya,
tabarma uku, har da ta maƙwabta,
idonta a bushe kamar gulbin Maggiya da rani.

Na kai wa Mushe labari. Ya ƙirga da yatsu:
kaifi ɗakuna kaɗan yake fasawa,
sanyi yana sa maƙwabtan nan nawa,
iska kuwa ta kwashe saura.
"Innarki ta riga ni sani," ya ce,
"alli kawai na fi ta."

Shekarar da Kawu Anaruwa ya bi lodi zuwa Kwatano,
mota ta dawo, buhuna sun sayu,
yaron mota ya miƙo hula da rediyo, kansa a ƙasa.
Ranar uku ba ta yi ba.
Ranar bakwai ita ke lallashin masu zuwa.
Aka ce Cima dutse ce.

Sai bayan an naɗe tabarmi, gida ya yi faɗi,
na gan ta da azahar.
Ta kwaso albasa daga tsakiyar rana, da zafinta,
ta wuce wuƙarta mai kaifi a rataye,
ta ɗauko dakusasshiyar da muke kankare tukunya,
ta shiga madafa, ta saki labule.
Ba yanka take ba, murƙushewa take.
Duk wanda ya leƙo sai ta ce,
"Albasar bana da faɗa take."

Yanzu a Tawa nake, ɗakin awon jini.
In aiki ya lafa, nakan ɓare siririyar fatar albasa
in shimfiɗa ƙarƙashin madubin awo.
Ga su nan, ɗakunan Mushe Arzika,
jere kamar tubalin sabon gini,
kowace danga a tsaye.

Da asuba ni ma ina wasa tawa wuƙar.
Albasata a firiji take kwana.
Dakusasshiyar kuwa tana ƙasan akwati,
naɗe cikin tsohon kallabinta.
Sau biyu mai wasa wuƙa ya zo ƙofa da kekensa,
sau biyu na ce masa ba ni da aiki.